Wa ke biyan kuɗin raino a garuruwanmu?



Duk inda aka zauna maganar ci gaban gari, a fada ne ko a ma'aikatar magajin gari, abubuwan da ake lissafawa sanannu ne: kwalta, sabuwar kasuwa, tasha, wuta, famfo, sai kuma wani kamfani da zai ɗauki samari aiki. Maganar yaro ɗan shekara 2 ko 4 ba ta shiga wannan layi. Ita ana tura ta can ɓangaren "mata da yara", ɓangaren tausayi ke nan, inda ake zaman jiran wani furoje ya zo da farar mota. Mu kuwa a ganinmu wurin da ake kula da ƙananan yara kayan aikin tattalin arziki ne, daidai da rumfar kasuwa ko rijiyar garka, kuma a kasafin kuɗin kwamin ya kamata a same shi, kusa da su.

Za a ce ina kuɗin? To ai biya muke yi tun tuni. Rasit ne dai ba a ba mu.

Binciken ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar na haihuwar ɗiya 7,6 a tsakaice, na 2021 ya ce abin ya sauko zuwa 6,2. Kusan rabin mutanen ƙasar ga ba su kai shekara 15 ba. Ko ba a karanta rahoto ba, kowa ya leƙa gidansu: ga na goye, ga wanda aka yaye bara, ga ɗan shekara 4 da bai isa lakwal ba. Su ukun nan kowane yana buƙatar ido a kansa daga asuba har dare. Idon wa?

Na farko idon uwa. Mu ɗauki mai ƙuli-ƙuli a Maraɗi ko Tasawa. Ta soya gyaɗa, ta murje, ta sheƙe, ta kai injin, ta dawo ta matse mai da ruwan zafi, ta mulmula, ta toya. Rabin aikin nan a bakin wuta ake yinsa, da tafasasshen mai a kasko. Mai ɗan rarrafe a tsakar gida ba ta iya yinsa a tsaye ɗaya: ta ɗora, ta sauke, ta ruga ta janye yaro, ta dawo wuta ta mutu. Wadda za ta iya sarrafa tiya 10 a yini sai ta tsaya a 4 ko 5, kuma ba jari ne ya hana ta ba. Haka mai awara, haka mai fura, haka mai tsinkar zogale a Jiratawa, haka masu dashen albasa a wajajen Galmi, haka mai tallan kofto a Yamai da ke yawo da goyo cikin ranar Afrilu. Muna ta kiran a ba mata jari, a ba su keken ɗinki, a ba su injin markaɗe. Madalla. Amma abin da ya fi ƙaranci a hannun macen ƙasar ga lokaci ne, kuma ba mu taɓa ganin an raba shi a wajen biki da gwamna ba.

Na biyu, wanda ya fi ci mana rai, idon yaya. In uwa ta matsu sai ta fita, wa ake ɗaura wa zanen goyo? Yarinya ƴar shekara 7 ko 8, wadda ita kanta raino take buƙata. An rubuta ta CI a watan Oktoba, gaskiya ne, sunanta na cikin rajistar mushe. Amma ranar kasuwa ba ta zuwa. Lokacin girbi da roron wake ba ta zuwa. Ranar da ƙanenta ya kwana da zazzaɓi aka tafi da shi likita, ita ke tsaron sauran. Kafin ta kai CE2 karatu ya wuce ta, ta fara jin kunyar aji, sai a ce ai ba ta da kai. Daga raino sai talla, daga talla sai aure. Mun san alƙaluman: kusan ƴan mata uku cikin huɗu a ƙasar ga ana yi musu aure kafin shekara 18. Ana ta tarurruka kan karatun ɗiya mata, ana gina musu gidajen kwana a kolej, amma da yawansu tun a CP muka rasa su, kuma abin da ya fitar da su yana nan ɗaure a bayansu.

Kuɗin raino ke nan. Uwa na biya da cinikinta, yaya na biya da karatunta, gari kuma na biya da duka biyun.

An gwada sauke wannan nauyi a wasu wurare masu kama da namu, kuma an auna abin da ya biyo baya. A ƙasar Mozambik, lardin Gaza, ƙungiyar Save the Children ta buɗa ƙananan makarantun raino a ƙauyuka daga 2008. Mutanen gari suka ba da fili da aikin gini, aka horar da ƴan garin su riƙe yaran na ƴan awoyi da safe. Bankin Duniya ya bi sawu bayan shekara 2. Yaran da suka shiga sun fi sauran shiga firamare, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin lura shi ne masu rainonsu sun fi samun damar fita aiki da kashi 26 cikin 100, yayyensu kuma sun fi zuwa makaranta. Abin da aka kashe wa kowane yaro a wata bai kai dalar Amurka 3 ba, wato wajen jika ɗaya da rabi a kuɗinmu. A Nairobi ma, unguwar talakawa ta Korogocho, an biya wa wasu iyaye mata kuɗin gidan raino na shekara ɗaya, aka tarar sun fi takwarorinsu samun aikin yi. Maƙwabtanmu na Burkina Faso kuwa sun yi wata dabara mai sauƙi: a wuraren aikin gayya da ake biyan mata, sai a kafa inuwa kusa da wurin aiki, a ware wasu daga cikin matan a koya musu riƙon yara, a biya su daidai da masu shebur.

Wannan ta ƙarshen ya kamata ta tsaya mana a rai, mu mutanen Adar musamman. Wa ya yi aikin furojen Keita tun daga 1984? Mafi yawa mata ne, don maza sun tafi bida. Su suka ɗauki duwatsu a ka, su suka haƙa ramuka, har fako ya koma gona. Har gobe in aka buɗa aikin rabin-wata a jahar Tawa ko Damagaram, mata ne ke cika wurin, da jarirai a baya cikin ƙura, ko a kwance gindin wata ƴar ƙaya. Ana lissafa diga, ana lissafa shebur da baro, ba a lissafa tabarma da randa da mutum biyu da za su zauna da yaran.

Sai kuma shi yaron kansa.

Binciken abinci da ake yi a ƙasar ga ya daɗe yana nuna kusan rabin yaran da ba su kai shekara 5 ba tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Maraɗi da Damagaram abin ya wuce rabi, alhali su ne rumbun gero da gyaɗa da wake. Tamowar da muka sani ita ce wadda ake gani, yaro ya rame ko ya kumbura a kai shi likita a ba shi biskit. Waccan ta tsumburewa ba ta kuka, ba a kai ta likita, sai dai a ce ai gajere ne kamar kakansa. Amma a daidai wannan lokaci, daga shigar ciki zuwa shekara 2, ƙwaƙwalwa take gininta mafi girma. Abin da aka rasa a nan da wuya mushen CM2 ya mayar da shi, komai ƙoƙarinsa. Shi ne manomin gobe da za a ce ya auna taki, shi ne makanike, shi ne mai butiki da zai riƙe littafin bashi.

Akwai wani bincike da muke so kowane ma'aikacin lafiya na ƙauye ya san shi. A Kingston ta ƙasar Jamaika, a 1986 da 1987, an ɗauki yara 129 da suka tsumbure. Wasu aka riƙa ba su madara. Wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ta unguwa ke zuwa gidansu sau ɗaya a mako, awa ɗaya, har shekara 2, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta kira masa sunayen abubuwa, ta yaba masa. Kayan wasan ma na gida ne, gwangwani da tsumma da murafu. Bayan shekara 20 aka nemo su. Waɗanda aka yi wa ziyarar wasa suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kashi 25 cikin 100, har sun kamo waɗanda ba su taɓa tsumburewa ba. Amfanin madarar kuwa bai daɗe ba. Masanin tattalin arziki James Heckman, wanda ya ci kyautar Nobel a 2000, yana cikin waɗanda suka yi wannan lissafi, kuma shi ne ya auna wata makarantar raino ta Amurka ta shekarun 1960 ya ce ribarta ta kai kashi 7 zuwa 10 cikin 100 kowace shekara. Amurka ba Dakoro ba ce, mun sani. Amma gwangwani da tsumma da awa ɗaya a mako, wannan bai fi ƙarfin kowace kwamin ba.

Kada dai mu sayar da abin fiye da kuɗinsa. A nan gida an yi gwaji. Shirin tallafin gwamnati da ya riƙa ba mata jika 10 a wata ya haɗa da tarurrukan faɗakarwa da ziyarar gida a ƙauyukan Doso da Maraɗi, kan shayarwa, abinci, tsabta da wasa da yaro. Da aka auna, iyaye sun canza halaye da yawa, yaran sun ɗan fi sakewa da mutane, amma tsawonsu da kaifin basirarsu ba su motsa ba. A Mozambik ma makarantun ba su gyara tsumburewa ba, don a shekara 3 an riga an makara. Abin da muka fahimta a nan shi ne magana kaɗai ba ta isa. Ka gaya wa mace ta yi wasa da ɗanta, alhali ta yi awa 3 a bakin rijiya, ta yi daka, ta yi itace, yaron kuma yana fama da zawo da masassarar cizon sauro? Sai an haɗa: ruwa mai kyau, kunu mai rai, magani, da wani wuri da zai karɓar mata yaron na rabin yini.

Yanzu mu zo ga abin da ƴan kasuwa za su fi ganewa: ina kuɗin ke zuwa in an kashe su?

In aka yi kwalta, kamfanin daga waje yake zuwa, injunansa daga waje, kwaltar daga waje, ribar ta koma waje. Muna son kwalta, kada a ce mun ce. Amma jardan na unguwa, kusan kowace dala da aka sa a ciki a garin take kwana. Mu yi lissafi na misali. Yara 40, kowane a dama masa kunu da garin da bai wuce giram 100 ba. Kilo 4 ke nan a yini, ƙasa da tiya 2. A wata buhu ɗaya ya isa har da saura. A ƙara wake, a ƙara ƙuli-ƙuli, a ƙara garin zogale ko kuka, ranar da hali ya yi a sa nono. Duk a gonakinmu suke. Garin Misola da ake ba yara, mene ne a ciki? Gero, waken soya da gyaɗa, sai ƴan sinadarai da ake ƙarawa, kuma ƙungiyoyin mata ne ke sarrafa shi. Ƙungiyar da ta san akwai jardan 10 da za su sayi garinta kowane wata ta samu abin da babu wani horo da zai ba ta, wato mai saye tabbatacce. Da shi take iya shiga banki ko asusu ta ce a ranta mata.

Sannan aiki. Kowane jardan na son mata biyu masu riƙo da mai dahuwa ɗaya. Garuruwanmu cike suke da ƴan mata da zawarawa da suka kai aji na uku ko na huɗu a kolej, wasu da BEPC a cikin akwati, suna zaune. Ga magini, ga maƙeri da zai yi ƙofa da lilo, ga mai saƙar tabarma, ga mai ginin randa a Mirya, ga tela. Ƙananan kuɗi ne, amma irin waɗanda ke juyawa sau biyar a kasuwar gari kafin su fita.

Mu tuna 2005. A shekarar nan ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar dubun-dubatar yara masu tamowa, mafi yawa a jahar Maraɗi. Tun daga nan kowace damina cibiyoyin tamowa cika suke yi, uwa ta bar gonarta a tsakiyar noma ta kwana biyu ko mako a gadon likita, gida ya tsaya. Wannan ma kuɗi ne, kuma ya fi buhun gero tsada nesa ba kusa ba.

Wa zai riƙe abin? A nan ba mu da uzuri ko kaɗan, don dabarar a gidanmu aka haife ta. A 1991, a jahar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara asusun Mata Masu Dubara, aka ɗora shi kan adashen da iyayenmu suka saba. Yau ana kwaikwayonsa a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Matan da suka shekara 30 suna riƙe akwati mai makulli uku, suna ba da rance suna karɓa ba tare da alƙali ba, su za a ce ba su iya riƙon buhun gero da albashin mutum uku? Ga kuma ƙungiyoyin iyaye mata na makarantu, ga kwamitocin kula da lakwal. Mutanen suna nan. Ba a dai taɓa miƙa musu wannan aiki da kuɗinsa a hannu ba.

Mun san abin da wasu dattawa za su ce, kuma maganarsu ba ta banza ba ce: tarbiyyar yaro a ɗakin uwarsa take, kada a kwaso mana al'adar da za a raba ɗa da uwa tun yana shan nono. Mun yarda da rabin farko. Sai dai a duba da kyau, yaron nan yanzu haka a hannun uwar yake? Yana bayan ƴar shekara 8 a bakin titi, kabu-kabu na wucewa. Yana wasa a bakin kwata. Zamanin da gida ɗaya ke da kaka da gwaggo da matan ƴan uwa goma a tsakar gida ɗaya yana wucewa, a birni ma ya wuce, kowa na cikin hayar ɗaki biyu. Abin da muke magana a kai daga safe zuwa azahar ne, a cikin unguwa, a hannun matan da uwar ta san gidajensu. Na goye kuma yana wurin uwarsa, shi ziyarar gida ta dace da shi. Kuma ba dole sai an kira shi jardan ba. Kusan kowace unguwa na da makarantar allo ko Islamiyya da ƴan shekara 4 da 5 ke zuwa. In aka zauna da malamai aka ƙara inuwa mai kyau, ruwan wanke hannu, kofin kunu da ɗan lokacin wasa, aka sa ma'aikacin likita ya riƙa biyowa da rigakafi da awon hannu, aka yi wa marasa takardar haihuwa takarda, an yi rabin tafiyar ba tare da an sayi fili ba.

Akwai kuma abin da ke faruwa in gari bai da wurin ajiye yaro, uwa kuma ba ta da sana'ar da za ta riƙe ta. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su, 52 daga ciki yara ne, mafi yawansu daga yankin Kance. A 2022 sai da gwamnati ta aika jirgi Dakar ya kwaso ɗaruruwan ƴan ƙasar ga da ke bara a titi, mata da yara. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ba mu ce jardan zai hana wannan shi kaɗai ba, dalilan suna da yawa: ƙarancin gona, yawan jama'a, bashi, gasar kayan ɗaki. Amma a wannan tafiya yaro ne jarin, shi ake miƙa wa sadaka. In ba mu sa jari a kansa ba, ga yadda talauci ke mayar da shi jari.

A yau yaran ƙasar ga da ke shiga jardan ba su kai 1 cikin 10 ba, kuma mafi yawa a birane suke. Waɗanda ke akwai ɗin ma sai mun faɗa wa juna gaskiya a kansu.

Ranar 13 ga Afrilun 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara 20 da wani abu suka ƙone, mafi yawansu ƴan jardan. Ranar 8 ga Nuwamba na shekarar, a Maraɗi, aka sake, yara fiye da 25 ƴan shekara 5 da 6. Babu wanda ke Maraɗi a ranar da zai manta. Bayan haka magabata suka hana sa ƴan jardan a ajin zana a duk faɗin ƙasa. Hanin ya yi daidai. Amma hani ba ya gina aji, kuma inda ba a gina ba, yaran gida suka koma, wato bayan yayyensu. Duk wanda zai buɗa wurin yara, ko kwamin ce ko ƙungiya ko mai kuɗin kansa, ya fara da bango da rufin da ba sa cin wuta, da ƙofa biyu masu buɗewa waje, murhu kuma nesa. Ba sai siminti da kwano ba. Ƙasar da maginanta suka gina masallacin Yama da laka har ya ci kyautar Aga Khan a 1986, ƙasar da aka horar da magina ginin da ba katako tun shekaru da dama, ba za ta rasa yadda za ta yi ɗaki ɗaya mai sanyi na yara 40 ba.

Na kuɗi kuma da ke cikin birni, da yawansu CI ce aka rage wa tsawo. Ɗan shekara 3 da riga iri ɗaya da jaka ta fi shi girma, a zaunar da shi kan benci awa 4 yana maimaita Faransancin da bai san ma'anarsa ba, in ya motsa a daka masa tsawa. Ƙarshen shekara a sa masa hula da alkyabba irin ta jami'a, a ɗauki hoto, iyaye su biya. Mu ma iyaye da laifinmu, don in yaro ya dawo bai rera "un, deux, trois" ba sai mu ce an ci kuɗinmu. Abin da ya yi aiki a Jamaika magana ce da wasa, cikin harshen da yaro ke ji. Tun 1973 aka fara gwajin karantarwa da Hausa a Damagaram, kuma kundin 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. In akwai ajin da bai kamata a yi gardama a kansa ba, to wannan ne: Hausa inda ake Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak ko Barbarci inda su ake yi. Tatsuniya, kacici-kacici, ƙirga da tsakuwa da ƴaƴan aduwa, ginin shanun laka, ƴar carafke. Tsohuwar da ta iya tatsuniya 50 ta fi wani allon bango amfani a wurin nan, a ba ta goronta ta riƙa zuwa sau biyu a mako.

Saura maganar biya, inda abubuwa irin wannan ke mutuwa. Mun ga yadda ake yi: furoje ya zo, a buɗa, a sa allo mai tambari, shekara 3 furoje ya tashi, mai riƙo ta yi wata 6 ba ko dala, ta koma tallarta, ɗakin ya zama wurin ajiyar harawa. Tun 2023 kuwa taimakon waje raguwa yake ta yi, kowa ya gani. Mun kuma ga darasin 2006, lokacin da aka ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. Niyya mai kyau, ta ceci rayuka da yawa, amma da kuɗin da gwamnati za ta mayar wa gidajen likita suka riƙa makara, sai kyautar ta koma takardar sayen magani a farmasi. Don haka kada wani ya zo ya yi mana alkawarin "kyauta". A faɗi wanda zai biya me.

A namu ganin, albashin masu riƙo na kwamin ne. Tun 2016 aka miƙa wa kwaminoni wani ɓangare na harkar ilimi da lafiya, ko zaɓaɓɓen magajin gari ne a kujerar ko wanda aka naɗa riƙo, nauyin na nan. Kuma wa ke cika asusun kwamin? Tikitin kasuwa. Je ka kasuwar Dole ranar Alhamis, ko ta Cadawa, ko ta Badagishiri, ka ƙirga masu faranti da masu ƙwarya da ake yankar wa tikiti, ka ga ko ba mata ne suka fi yawa ba. In aka ware wani kaso na abin da suke biya aka yi musu ɗakin yara a gefen kasuwar, kuɗinsu ne aka mayar musu. Abinci kuma na iyaye ne da gari: tiya kaza a kaka lokacin da gero ke araha, a zuba a rumbu ɗaya, marayu da marasa hali a ɗauke musu, masu fitar da zakkar hatsi da ƴan bida da ke aiko kuɗin masallaci a tuna musu da wannan ƙofa. Horo da sa ido na gwamnati ne, ga makarantun horon malamai a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Doso. Sa idon nan ba wasa ba ne, don tara yara 40 wuri ɗaya ba ruwa ba makewayi ba rigakafi, ƙyanda da zawo aka tara. Kuma kada a ce aikin sa-kai ne. Macen da aka ce ta riƙe ɗiyan mutane don Allah kawai, ranar da tukunyarta ta kasa hawa wuta za ta tafi, kuma tana da gaskiya.

Abu ɗaya da masu tsara jardan na ƙauye ke yawan kuskurewa shi ne kalanda. Ana bin ta lakwal: a buɗa Oktoba, a rufe Yuni. To amma yaushe uwa ta fi buƙatar mai riƙo? Yuli, Agusta, Satumba, lokacin noma da maimai, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, lokacin da sauro ya fi yawa har ake bi gida-gida da maganin rigakafin masassara na wata-wata. A watannin nan ne cibiyoyin tamowa ke cika, a nan ne kuma ƙofar jardan ke garƙame da kwaɗo don an tafi hutu. In kwamin ba ta da ƙarfin shekara duka, ta fara da waɗannan wata ukun zuwa huɗu. Azuzuwan lakwal na siminti a lokacin babu kowa a ciki, ƴan kolej da ƴan makarantar horon malamai suna gida suna neman abin yi, geron kuwa tun a kakar bana za a tara shi, kafin ƴan kasuwa su kwashe.